Nok: Kada a Adana Kan Yumɓu a Manta da Ramin Kuza

Da wuya a sami ɗalibin sakandare a ƙasar nan wanda bai taɓa jin sunan Nok ba. Ya gan shi a littafin tarihi, ya ga hoton wani kai na gasasshen yumɓu mai manyan idanu da huji a tsakiyarsu, ya kuma haddace cewa wannan yana daga cikin tsofaffin ayyukan fasaha na Afirka. Amma in aka tambaye shi yadda aka yi kan nan ya fito daga ƙarƙashin ƙasa, sai ya yi shiru. Amsar kuwa ita ce, leburorin haƙar kuza ne suka ci karo da shi suna cikin neman abin sawa a bakin salati.

Nok ƙauye ne na al'ummar Ham, waɗanda Hausawa ke kira Jaba, a Ƙaramar Hukumar Jaba ta Jihar Kaduna, ba nisa da garin Kwoi. A ƙauyen akwai ƙaramin gidan tarihi a ƙarƙashin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa. Irin wannan gida yana da amana biyu a wuyansa. Ta farko ita ce kayan mutanen da, wadda kowa ya sani. Ta biyu ita ce labarin haƙar ma'adinan da ta fito da su: waɗanda suka yi aikin, abin da suka samu, abin da suka rasa, da halin da aka bar ƙasarsu da ruwansu. Amana ta biyu ita ce ke neman salwanta, domin tana cikin kawunan tsofaffi ne, su kuwa kullum raguwa suke yi.

Yadda haƙar kuza ta tono tarihi

Tsaunukan Jos da kewayensu suna ɗauke da wani irin dutse da ya daskare daga narkakken dutsen cikin ƙasa fiye da shekara miliyan 150 da suka wuce. A jikinsa akwai ƙananan baƙaƙen ƙwayoyin kuza. Ruwan sama da zafin rana sun yi ta cin dutsen nan a hankali, rafuka suna kwasar ɓaraguzansa zuwa kwaruruka. Da yake ƙwayar kuza ta ninka ƙwayar yashi mai girmanta nauyi kusan sau biyu da rabi, takan nitse da wuri ta kwanta a gindin rafi. Bayan dubban shekaru rafin yakan sake hanya, ƙasa ta binne tsohuwar hanyarsa. Aikin mai haƙa shi ne ya yaye ƙasar sama, ya isa wannan tsohon kwancin rafi, ya ɗebo tsakuwarsa ya wanke da ruwa, yashi ya tafi, baƙar ƙwaya ta zauna a gindin kwano.

Ruwan da ya kwaso kuza bai bar sauran abubuwa ba. Ya kwaso gatarin dutse, da fasassun tukwane, da gutsattsarin mutum-mutumin yumɓu daga kufan mutanen da, ya binne su wuri guda. A shekarar 1928, a wani ramin kuza kusa da Nok, aka tono wani ƙaramin kai na yumɓu a zurfin ƙafa 24, wato kimanin mita 7. Ɗaya daga cikin masu kamfanin, Kanar Dent Young, ya kai shi ma'ajiyar Sashen Ma'adinai a Jos, inda ya yi shekaru ba wanda ya san darajarsa. A 1943 aka kawo wa wani matashin jami'in mulki mai ilimin kufai, Bernard Fagg, wani kan daga wani filin kuza a yankin Jema'a. Wani ma'aikacin wurin ne ya ɗauke shi ya kafa a gonarsa ta doya don korar ɓarna, har ya shekara a can. Da Fagg ya gwada kawunan biyu ya ga ƙirarsu iri ɗaya ce, sai ya gane cewa akwai wata tsohuwar al'umma da ba a san da ita ba, ya laƙaba mata sunan ƙauyen Nok. Daga nan ya riƙa bin filayen kuza yana roƙon ma'aikata su daina yar da irin waɗannan abubuwa. Abin da suka tara masa yana cikin harsashin gidan tarihin Jos, wanda aka buɗe a 1952.

A wannan labari, kamar yadda aka saba ba da shi, ana ambaton sunan mai kamfani da na jami'i. Wanda ya riƙe diga, da wadda ta ɗauki kwanon ƙasa a ka, ba a ambaton su. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sana'ar da ta girmi zuwan Turawa

Ya kamata ɗalibi ya sani cewa ba Turawa ne suka gano kuza a wannan ƙasa ba. Tun kafin zuwansu, mutanen Ririwai, a kudancin ƙasar Kano, da 'yan'uwansu da suka koma Ririwan Dalma a ƙasar Bauchi, suna wanke kuza suna narkawa, suna zuba ƙarfen a siraran sanduna kamar tsinke, fatake suna kai wa kasuwanni. Waɗannan sanduna ne suka ja hankalin Kamfanin Neja, har ya aika masu bincike a 1902. Ba da daɗewa ba aka kafa sansani a Naraguta, kusa da inda garin Jos ya tashi daga baya. Da kamfanonin Turawa suka mallake filaye da lasisin gwamnatin mulkin mallaka, sai sana'ar narkawa ta gargajiya ta mutu.

Abubuwa da yawa sun biyo bayan kuza. A 1914 ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya isa Jos da Bukuru, a 1927 kuma aka haɗa Jos da babban layi ta Kafancan. An tare ruwan Kurra aka samar da lantarki don injunan haƙa. Dubban mutane daga ƙasar Hausa da Borno da kudancin ƙasar nan suka kwararo, garuruwa suka tashi a inda da babu kowa. Amma a 1942, da Japan ta ƙwace Malaya, wadda ita ce babbar mai samar wa Birtaniya kuza, sai gwamnatin mulkin mallaka ta koma ga aikin tilas. Aka riƙa ɗibar manoma daga lardunan Arewa ana tura su ramuka, abin da talakawa suka kira ɗiban gwamna. Dubun dubatar mutane ne aka ɗiba tsakanin 1942 da 1944. Sanyin tsauni da ƙarancin abinci da cunkoson bariki sun kashe da dama daga cikinsu. A 1943 aka fitar da kimanin tan 17,000, adadin da ba a sake kaiwa ba. Wannan ita ce shekarar da aka kawo wa Fagg kan Jema'a.

Daga baya kwancin da ke kusa ya yi ta ƙarewa, man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, sannan a 1985 farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya. Manyan kamfanoni suka naɗe tabarmarsu. Haƙa ba ta tsaya ba, sai dai ta koma hannun ƙananan masu haƙa, maza da mata da yara, da diga da shebur da kwano.

Abin da rami ya bari a ƙasa da jikin mutum

Ga mai nazarin halittu, filin kuza da aka bari aji ne a buɗe. A Jihar Filato kaɗai an ƙiyasta cewa haƙa ta ɓata ƙasa fiye da murabba'in kilomita 300, ta kuma bar tafkuna fiye da dubu. Ƙasar sama, wadda ba ta fi 'yan kamu kaɗan ba, ita ce mai ɗauke da ruɓaɓɓen ganye da tsutsotsi da ƙananan halittun da ke ciyar da shuka. Ana ɗaukar ɗaruruwan shekaru kafin a sami kaurin ɗan yatsa na irin wannan ƙasa. In aka birkice ta aka binne a ƙarƙashin jar ƙasa da yashi, gona ta mutu ke nan na tsawon zamani. An yi ƙoƙarin farfaɗo da wasu filaye ta hanyar dasa itacen turare, wanda ke jure wa mugun wuri, sai dai ba ya maido wa ƙasa albarkar noma da sauri.

Tafkunan suna da fuska biyu. Manoman rani suna ban ruwa da su, suna samun tumatir da kabeji da dankalin Turawa, wasu kuma suna kiwon kifi. A ɗaya gefen, gaɓarsu tana da santsi da zurfi, yara da dabbobi kan faɗa su halaka. Ruwa mai kwanciya mazaunin sauro ne, kuma yana iya zama mazaunin ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da tsutsar tsargiya. Tarin yashin da ya rage bayan tace kuza yana ɗauke da wasu ma'adinai masu fitar da turirin nukiliya kaɗan kaɗan, ido ba ya gani, hanci ba ya ji. Wanda bai sani ba yana iya ɗiba ya yi yaɓen ɗakin kwanansa da shi.

Illar rashin irin wannan sani ta bayyana ƙarara a wani yanki na Arewa, ko da yake a can zinariya ake haƙa. A shekarar 2010 aka gano cewa yara suna mutuwa a ƙauyukan Ƙananan Hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Dutsen zinariyar yankin yana cakuɗe da dalma, ana kuma kawo shi cikin gida ana daka da niƙa, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Jikin yaro yana shanye dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba. In ta shiga, takan hana jiki haɗa jini yadda ya kamata, ta kwanta a ƙashi a mazaunin sinadarin da ke gina shi, ta kuma taɓa ƙwaƙwalwa. Yara aƙalla 400 ne suka rasu. Ƙarfen kuza da dalma ba ɗaya ba ne, ko da yake tsohuwar Hausa takan kira su da suna guda, kamar yadda sunan Ririwan Dalma ya nuna. Darasin dai ɗaya ne: duk ƙauyen da ke zaune a kan ma'adini yana buƙatar wurin da za a nuna wa yaransa abin da ke cikin ƙasarsu da yadda yake shiga jiki. Gani ya kori ji.

Ƙasar da ke kewaye da abu ita ma shaida ce

Akwai dalili na kimiyya da ya sa ba za a raba kan yumɓu da raminsa ba. Kawunan da aka samu a filayen kuza ruwa ne ya kwaso su daga inda masu su suka bar su, saboda haka ba su iya faɗin komai game da gidajen mutanen, ko abincinsu, ko zamaninsu da tabbaci. Sai da Fagg ya yi tono na tsanaki a Taruga, kusa da Abuja ta yanzu, a shekarun 1960, aka sami yumɓun a mazauninsa tare da murahun narkar da tama, aka tabbatar cewa mutanen sun san ƙira fiye da shekara 2,000 da suka wuce.

Ana sanin shekarun ne ta wata hanya da ta dogara ga rayuwar tsirrai. Kowace shuka tana shaƙar iskar kabon, a ciki kuwa akwai wani nau'i mai lamba 14 wanda ke raguwa da kansa. Da zarar shuka ta mutu ta daina ɗaukar sabo, rabin wanda ke jikinta yakan ɓace a duk shekara 5,730. In aka auna abin da ya saura a gutsuren gawayi ko ƙonanniyar ƙwayar hatsi, sai a san lokacin da ta mutu. Da wannan hanya masanan Jami'ar Farankfot ta Jamus, waɗanda suka fara aiki a yankin a 2005 tare da abokan aikinsu na Nijeriya, suka nuna cewa al'ummar Nok ta faro tun kimanin shekara 3,500 da suka wuce. Sun gano cewa mutanen suna noman gero da wake, suna kuma cin atile. Ƙasar yankin mai tsami ce, ta cinye ƙasusuwa, don haka sai aka koma ga maiƙon da ya shige jikin tukwane. A 2021 aka bayyana cewa kimanin sulusin gutsattsarin tukwanen da aka sami ragowar maiƙo a jikinsu suna ɗauke da kakin zuma. Ashe da tsohuwar zuma ake magani har a fagen ilimi.

Duk wannan sani ya fito ne daga abin da ɓarawon kayan tarihi ke zubarwa: gawayi, da ƙonanniyar ƙwaya, da fasasshiyar tukunya. A tsakiyar shekarun 1990 an yi tonon ɓarna mai yawa a yankin, aka fitar da mutum-mutumin Nok masu ɗimbin yawa zuwa kasuwannin Turai, har a shekarar 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa su cikin jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari. Masu tonon galibi talakawa ne da talauci ya tura, aka biya su abin da bai taka kara ya karya ba. Doka ta 77 ta 1979 ta hana wannan ciniki, amma doka ba ta gadin daji da dare. Mai gadin kufai na gaskiya shi ne manomin da ya san darajar abin da garmarsa ta tono, kuma gidan tarihin ƙauyensa ne zai sanar da shi.

Masu ja da wannan ra'ayi

Wasu za su ce kayan masu daraja sun fi samun tsaro a Jos ko Kaduna ko Legas. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, domin an sha yin sata a gidajen tarihi. Amma ba dole ne a ajiye mafi tsadar kaya a ƙauye ba. Ana iya ajiye kwafinsu da hotunansu. Kayan tarihin haƙa kuwa, wato tsohuwar diga, da kwanon wanki, da katin lebura, da taswirar fili, da muryar tsoho a kan na'ura, ba su da kasuwa a wurin ɓarawo, darajarsu ga ilimi ce.

Wasu za su ce babu kuɗi, ƙauye yana buƙatar asibiti da rijiya kafin gidan tarihi. Ba a musun buƙatar asibiti. Sai dai rigakafi ya fi magani, allo guda da ke bayyana haɗarin tafki da ƙurar dutse bai kai kuɗin jinyar yaro ɗaya ba. Wasu kuma za su ce tuna ɗiban gwamna tayar da tsohon miki ne. Amsa ita ce, haƙar ma'adinai ba ta zama labari ba tukuna. Ana haƙar zinariya da kuza da duwatsu masu daraja a jihohin Arewa da dama, sababbin kamfanoni suna zuwa da alkawura. Al'ummar da ta san yadda ta kaya tsakanin kakanninta da kamfanonin farko ta fi sanin abin da za ta tambaya kafin ta ba da filinta: wa zai cike rami, wa zai gyara ruwa, me zai saura in ma'adini ya ƙare.

Akwai abin koyi daga wani ƙauyen kuza a Ingila. Faɗuwar farashi ta 1985, wadda ta durƙusar da kamfanonin Filato, ita ce ta karya mahaƙar Geevor da ke ƙauyen Pendeen a yankin Konwal. An daina haƙa a 1990. Maimakon a sayar da injunan a matsayin tsohon ƙarfe, sai aka mai da wurin gidan tarihi a 1993, tsofaffin ma'aikata suka zama masu yi wa baƙi da 'yan makaranta jagora. A 2006 hukumar UNESCO ta sa filayen haƙar ma'adinai na yankin cikin wuraren tarihi na duniya. Ƙauyen Nok yana da abin da Pendeen ba ta da shi, domin raminsa ya fito da kuza ya kuma fito da tarihin shekara 3,500.

Aikin da ke gaban makarantu

Ba sai an jira Abuja ba. Malamin tarihi da na kimiyyar halittu da na labarin ƙasa suna iya haɗa kai su ba ɗalibai aikin hutu. Kowane ɗalibi ya nemi dattijo ko dattijuwa da ta taɓa aikin kuza, ko wadda mahaifinta ya yi, ya gaishe ta da ladabi, ya nemi izini, ya rubuta abin da ta faɗa da harshenta: nawa ake biyan kwano, me ake ci a bariki, wace cuta ce ta fi damun mutane, wane fili ne da gona. Wasu ɗaliban su zana taswirar tsofaffin ramuka da tafkunan yankinsu. Wasu su ƙirga ire-iren tsirran da ke kan tarin ƙasar haƙa su gwada da na gonar da ba a taɓa ba, su ga da idonsu yadda rayuwa ke komawa wurin da aka kore ta. Wasu su ɗebo ruwan tafki a kwalba, tare da malami kuma daga wuri marar haɗari, su duba 'ya'yan sauro da dodon koɗi. A ƙarshen zango a tattara, a ajiye kwafi a makaranta, a miƙa kwafi ga gidan tarihi mafi kusa.

Doka ɗaya ce ba a karyawa: ɗalibi ba ya tono. Wanda ya ga gutsuren yumɓu ko tsohuwar tukunya a gona ya bar ta a inda take, ya shaida wurin, ya sanar da mai unguwa da jami'an gidan tarihi. Cire ta daga mazauninta daidai yake da yage shafi daga littafin da babu kwafinsa.

Wannan aiki bai tsaya ga Nok ba. Ririwai tana da labarinta, haka Bukuru da Barikin Ladi da Bagega. Yaron da aka ɗiba yana ɗan shekara 18 a 1943 ya haura shekara ɗari yanzu in yana raye, 'ya'yansa da suka ji daga bakinsa su ma sun manyanta. Kan yumɓu ya yi haƙurin shekaru dubbai a ƙarƙashin ƙasa kafin a same shi, amma maganar tsoho ba ta da wannan haƙuri. Ya rage ga hukuma da sarakuna da malamai da ɗalibai su yi hanzari tun masu labarin suna nan. Allah ya sa a dace.